IDAN KALSIYOM YA ƁATA HANYA: DALILAN DA KE SA NAMAN JIKI YA TAURARE KAMAR DUTSE

Da yawa daga cikinmu mun taɓa raka wani namu asibiti saboda ciwon kafaɗa, ko ciwon mara, ko tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka yi masa hoton radiyo, likita ya ɗaga hoton ga haske ya nuna wani farin tabo a wurin da babu ƙashi. A takardar sakamako kuwa sai a ga kalmar da ake furtawa da Faransanci kalsifikasiyon. A wasu gidajen ma ba a kai ga asibiti ba: ƙari ne mai tauri zai fito wa yaro a kwatangwalo, wata rana ya fashe, wani farin abu mai kama da jiƙaƙƙen alli ya riƙa fita. Nan take sai zance ya koma jifa da sammu, a fara kallon kishiya ko maƙwabci da wani ido, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da awon jini guda zai iya bayyanawa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu keɓe shafin lafiya na wannan fitowa ga wannan al'amari, domin mu san mene ne farin tabon nan, me ke kawo shi, yaushe ne ba abin damuwa ba ne, yaushe kuma yake zama ƙararrawar da bai kamata a toshe kunne gare ta ba.

Kalsiyom da mazauninsa

Kalsiyom sinadari ne da ke cikin alli da farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Shi ne kuma farin dasashin da ke liƙe wa gindin butar shayi idan ta daɗe tana tafasa ruwan rijiya. A jikin baligi akwai kimanin kilo 1 na wannan sinadari, kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙasusuwa da haƙora, inda yake haɗuwa da wani sinadarin mai suna fosfat su ba ƙashi ƙarfinsa. Ɗan abin da ya rage yana yawo cikin jini da sauran ruwan jiki, kuma da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi, da shi jini ke daskarewa idan an yanke.

Jiki yana tsare ma'aunin kalsiyom na cikin jini sosai, tsakanin miligiram 85 da 105 a kowace lita. Masu tsaron uku ne. Na farko wasu ƴan ƙwayoyin nama guda 4 a wuya, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, suna maƙale a bayan naman nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo; ana kiran su paratiroyid. Idan kalsiyom ya ragu a jini, su ke aika saƙo a ɗebo daga ƙashi. Na biyu bitamin D, wanda fata ke haɗawa da hasken rana, shi ke buɗe wa kalsiyom ƙofa daga hanji zuwa jini. Na uku ƙoda, wadda ke zubar da rarar fosfat cikin fitsari, kuma ita ke kammala sarrafa bitamin D ya zama mai aiki.

Siminti a jikin bango alheri ne, amma idan ya daskare cikin magudanar ruwa ya zama matsala. Haka kalsiyom yake. Hanyoyin da yake bi ya sauka a naman da ba gidansa ba kuwa manya guda biyu ne: ko dai naman ne ya lalace ya jawo shi, ko kuma jinin ne ya cika ya batse.

Hanya ta farko: inda nama ya lalace

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda nama ya mutu, ko ya daɗe da kumburi, ko wata tsutsa ta mutu a ciki, kalsiyom yakan taru a wurin sannu a hankali, ko da awon jinin mutum lafiya lau yake. Wannan ita ce hanyar da aka fi gani, kuma a ƙasashenmu yawancinta sawun tsofaffin cututtuka ne.

Tsargiya ce a sahun gaba. Yaran da ke wanka a tafki da gulbi da hanyoyin ruwan noman rani, daga bakin kogin Isa har zuwa tafkin Cadi, suna ɗaukar tsutsar da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa ta ratsa fata. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana zama cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai. Wasu su fita da fitsari tare da jini, wasu su maƙale a bangon mafitsara su mutu. Bayan shekaru, kalsiyom ya lulluɓe matattun ƙwayayen, har hoton radiyo ya nuna mafitsara da farin zobe kamar ɓawon ƙwai. Illar ba ta tsaya nan ba. Hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda suna iya tsukewa, fitsari ya riƙa komawa baya yana danne ƙoda har ta gaji, kuma tsohuwar tsargiya tana cikin sanannun dalilan sankarar mafitsara. Saboda haka fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu ke ɗauka. Ƙwayar praziquantel tana kashe tsutsar, kuma tun 2004 Nijar ta fara rabon ta ga ƴan makaranta, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi gwargwadonsa. Sai dai maganin tsutsa yake kashewa, ba ya narkar da abin da ya riga ya daskare. Shi ya sa shansa da wuri ya fi.

Dattawanmu ba su manta kurkunu ba, wanda ke kwantar da magidanci daidai lokacin da gona ke neman sa. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa da shi a shekara a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Kamaru ta rabu da shi a 2007, Nijar da Najeriya a 2013, Ghana a 2015. Amma tsutsar da ta mutu cikin jiki ba ta fito ba, tana nan a daskare, kuma hoton ƙafar dattijo yakan nuna ta kamar farin zare a nannaɗe. Wannan tarihi ne kawai rubuce a jiki, ba ya yaɗuwa, galibi kuma ba ya bukatar komai.

Tarin fuka ma yakan bar sawunsa: ɗan farin tabo a huhu ko a ƙaluluwar wuya da ta ƙirji, alamar yaƙin da jiki ya yi a baya. Tabon kansa ba ya cutarwa, amma likita zai so ya auna majina don ya tabbatar cutar ba ta farka ba. Inda abin ke tsanani shi ne idan cutar ta taɓa jakar da ke lulluɓe da zuciya; jakar tana iya ƙandarewa ta zama kamar sulke, ta hana zuciya cika da jini, ciki da ƙafafu su kumbura. Irin wannan sai aikin tiyata.

Akwai kuma wata tsutsa da za mu yi tsammanin ba ruwanmu da ita, wato farar tsutsar alade. A sassan Kamaru da Cadi da Benin da Burkina Faso inda ake kiwon alade, ana samun masu ɗauke da ita a hanji, kuma ƙwanta na fita cikin bayan gida. Wanda bai taɓa cin alade ba yana iya haɗiyar ƙwan ta ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba, ko abincin da aka taɓa da hannu marar tsabta. Ƴaƴan tsutsar sukan zauna a tsoka ko a ƙwaƙwalwa, idan sun mutu su daskare kamar ƙwayoyin shinkafa. Waɗanda ke ƙwaƙwalwa suna cikin manyan dalilan farfaɗiyar da ke fara wa mutum da girmansa a waɗannan yankuna.

Ban da tsutsotsi, akwai abin da hannunmu ke jawowa. Allurar da aka yawaita yi a wuri guda a mazaunai, musamman a hannun wanda bai koyi aikin ba, takan kashe kitsen wurin ya zama ƙullutu mai tauri. Mummunan bugu a cinya ko dantse, irin na faɗuwa daga babur ko filin ƙwallo ko kokawa, yakan tara jini cikin tsoka, bayan makonni wurin ya fara zama kamar ƙashi. Matsa irin wannan wuri da ƙarfi da sunan tausa ko ɗori yana ƙara ɓarna. Hutu da sanyaya wurin a kwanakin farko sun fi masa amfani.

Ciwon kafaɗa da ke hana mace ɗaura ɗankwali ko ɗaga taɓarya, ya hana kwanciya a gefe guda, sau da yawa kalsiyom ne ya taru a jijiyar da ke ɗaga hannu. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 60, mata fiye da maza, kuma an fi ganinsa ga masu ciwon sukari. Albishir a nan shi ne, yawanci jiki yakan narkar da shi da kansa, ko da yake lokacin narkewar ne zafin ya fi tsanani. Maganin rage zafi da motsa hannu bisa koyarwar ma'aikacin lafiya sukan wadatar. Idan ya ƙi, likita na iya wanke shi da allura.

Akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Wata takan sa fatar yatsu da fuska ta ɗaure ta yi sheƙi, yatsu su yi fari ko shuɗi da zafi idan an taɓa ruwan sanyi, ƙananan tsakuwoyi su fito a kan yatsu. Wata kuma takan raunana tsokar yaro har ya kasa tashi daga zaune, da ƙuraje a fatar ido da bayan yatsu. Idan an fara maganinta da wuri, tsakuwoyin ba su cika yawa ba.

Ga mata akwai wurare biyu da ya kamata mu ambata. Ƙarin mahaifa idan ya tsufa, musamman bayan ɗaukewar al'ada, yakan taurare kamar dutse, har iyali su ce ciki ne ya kwanta, a yi ta jira shekara da shekaru. Hoton eko na ƴan mintoci yana raba gardama. A nono kuwa, hoton mamografi yakan nuna ƴan fararen ɗigo. Mafi yawansu ba komai ba ne, amma idan ƙanana ne ƙwarai kuma sun taru wuri guda, suna iya zama alamar farko ta sankara tun ba a ji ƙari da hannu ba. Idan likita ya nemi a ɗebi ɗan nama a auna, kada maigida ya ja ƙafa.

Jijiyoyin jini su ma suna taurarewa da tsufa, kuma sukari da hawan jini da taba suna gaggauta abin. Jijiyar da ta ƙandare ba ta miƙewa da bugun zuciya, kuma alama ce ta haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da gyambon ƙafa da ba ya warkewa.

Hanya ta biyu: idan jini ya cika ya batse

Idan aka zuba sukari cikin shayi fiye da abin da ruwan zai iya narkarwa, sai ya kwanta a ƙasa. Haka ma idan kalsiyom ko fosfat suka yi yawa a jini, sai su sauka a lafiyayyen nama: ƙoda, huhu, bangon tumbi, jijiyoyin jini, farin ido, da kewayen gaɓoɓi. Tun 1855 masanin nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya bayyana wannan. Ba a ganinta da yawa kamar ta farko, amma ta fi ta haɗari.

Babban dalilinta shi ne gazawar ƙoda ta dogon lokaci, wadda hawan jini da sukari ke kan gaba wajen kawowa. Ga yadda abin ke bin juna. Ƙoda ta kasa zubar da fosfat, sai ya taru. Ta kasa sarrafa bitamin D, sai kalsiyom ya ragu a jini. Ƴan paratiroyid su ga ragin, su matsa wa ƙashi lamba dare da rana a ɗebo. Ƙashi ya rarake ya yi ta ciwo, abin da aka ɗebo kuma ya haɗu da fosfat ɗin da ya taru, su daskare a jijiyoyin jini da ƙofofin zuciya. Wato an rushe bangon ɗaki an zuba ƙasar a rariya. Mai wannan hali yakan yi ƙaiƙayi marar iyaka, idonsa ya yi ja, ƙari ya fito masa kusa da gaɓa.

Mafi muninsa shi ne idan ƙananan jijiyoyin fata suka toshe. Sai wani wuri a cinya ko ciki ko ƙwauri ya yi duhu da zafi mai tsanani, ya koma baƙin gyambo. Kusan rabin waɗanda wannan ya kama, ko fiye, ba sa cika shekara, yawanci saboda ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ta gyambon. Duk mai wankin ƙoda da ya ga irin wannan tabo, ranar ya kamata ya nuna shi, kada a tsaya shafa masa komai a gida.

Mun san halin da iyali ke shiga idan aka kai ga wankin ƙoda: sai a manyan birane ake samunsa, sau 2 ko 3 a mako, ga kuɗin mota, ga barin gona da kasuwa. Shi ya sa muke jan hankali ga abin da ke lalata ƙoda a ɓoye. Ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a tire a tasha a haɗiya kullum don a iya aiki, suna cin ƙoda. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, balle ma'auninsu.

Dalili na biyu shi ne ɗaya daga cikin ƴan paratiroyid ta yi ƙari, ta riƙa aika saƙo ba tare da an nema ba. Ya fi samun mata bayan shekara 50. Alamunsa ƙishirwa da yawan fitsari, tsakuwar ƙoda mai dawowa, ciwon ƙashi, taurin bayan gida, kasala da mantuwa. Yawanci guda ce ke da laifi, kuma cire ta da tiyata yana warkarwa.

Na uku shi ne magani da ya wuce kima. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar wasu bitamin, a kitse yake taruwa. Akwai ƴan kwalabansa na sha masu awo 100.000 ko 200.000, waɗanda likita ke bayarwa da tazarar watanni. Wanda ya mai da su na kowane mako don neman ƙarfi yana iya daskarar da ƙodarsa. Haka yawan tsotsar ƙwayoyin kalsiyom saboda ƙwannafi ko ciwon baya ba da awo ba. Na huɗu kuwa wasu nau'o'in sankara ne, kamar ta nono da ta huhu da ta ɓargo, waɗanda ke narkar da ƙashi su cika jini da kalsiyom.

Wanda ake gado

Mu koma ga yaron nan mai ƙari a kwatangwalo. Akwai wata cuta da ba ta da yawa, amma da dama daga waɗanda aka rubuta labarinsu a littattafan likitanci ƴan Afirka ne. Takan fara tun yarinta ko samartaka: ƙari mai tauri, marar zafi da farko, a kwatangwalo ko gwiwar hannu ko kafaɗa, yana girma a hankali, wani lokaci ya fashe ya fitar da farin ruwa kamar alli. Ba sankara ba ce. A 2004 masana suka gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke jawo ta: ƙodar yaron lafiyarta ƙalau, amma saƙon da ke umartar ta ta zubar da fosfat ne ba ya isa. Gadonta irin na sikila ne, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita ba su sani ba, kuma kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na kamuwa. Don haka an fi ganinta inda auren zumunci ya yi yawa. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ba kuma aikin wani ba ne. Ana rage fosfat ta abinci da magani, a cire ƙarin idan ya hana motsi, ko da yake yakan dawo idan ba a gyara jinin ba.

Abin da ke wuyanmu

Da farko, farin tabo a hoto ba hukunci ba ne. Tambayar da za mu yi wa likita ita ce: wannan sawun tsohon ciwo ne, ko alamar wanda ke ci yanzu? Amsar tana fitowa daga awon kalsiyom da fosfat da kireyatinin a jini, wanda ke nuna aikin ƙoda, da awon sukari da na fitsari, wani lokaci da awon paratiroyid. Mu tafi da duk magungunan da mai ciwo ke sha, na asibiti da na gida, mu kuma faɗi gaskiya a kansu.

Na biyu, kada a kai wa wanzami irin wannan ƙari ya tsaga, kada kuma a matse shi. Wurin ba ya warkewa da sauri, kuma ƙwayoyin cuta na iya bi ta nan su kai ga gaɓa ko ƙashi.

Na uku, kada tsoron wannan bayani ya sa a hana yara nono da madara da fura. Abincin yau da kullum ba ya daskarar da naman mai lafiyar ƙoda. Baligi yana bukatar kimanin miligiram 1.000 na kalsiyom a rana, kuma matsalar gidajenmu ta fi karkata ga ƙaranci: binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyom a abinci ne ke lanƙwasa ƙafafun yara da yawa a can, duk da yalwar rana. Mai ciwon ƙoda ne kawai ke da ƙa'ida ta daban: ya rage lemun kwalba baƙi da abincin gwangwani da cukun kanti, ya sha maganin kama fosfat tare da abinci kamar yadda aka rubuta masa, kuma ya shawarci likitansa kafin watan azumi ya kama.

Na huɗu, duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da sukari ko hawan jini, ya auna jininsa da ƙodarsa ko da sau ɗaya ne a shekara. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Sau da yawa sai ta yi asarar fiye da rabin ƙarfinta kafin mai ita ya ji wani abu. Mu sa yaranmu su karɓi maganin tsargiya idan an zo rabo, mu kammala watanni 6 na maganin tarin fuka ko da tari ya tsaya, mu wanke hannu da ganye kafin ci.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne: tabo mai duhu da zafi a fatar mai ciwon ƙoda, ƙishirwa da amai tare da ruɗewa, raguwar fitsari da kumburin fuska da ƙafa, farfaɗiya ta farko ga babba, da ƙarin da ya yi ja yana fitar da mugunya.

Kafin mu ɗora wa ɗan'uwa zargin da ba za mu iya janyewa ba, mu fara kai mai ciwo a auna shi. Kuɗin awo kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin wankin ƙoda, ko da zumuncin da aka yanke a kan zato. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.